Adda, Lauje ko Inji: Me Mai Son Sana'ar Yankan Ciyawa a Sabo ta Ibadan Zai Fara Saya?

Da zarar ruwan farko ya sauka a Ibadan, wajen watan Maris ko Afrilu, ba a cika mako uku ba sai duk filin da aka bari babu gini ya rufe da haki. A lokacin ne maganar yankan ciyawa ke tasowa a majalisun matasan Sabo. Mai gadin da ke sauka daga aiki da asuba yana son abin da zai cike masa hantsi, ɗan acaba yana neman ƙari, ɗalibi kuma yana da Asabar da Lahadi a hannunsa. Tambayarsu ɗaya ce: wane inji za a saya? Amsoshin ne suka sha bamban. Wani ya ce a sayi mai ƙafafu huɗu irin wanda ake gani a bidiyon Amurka, wani ya ce mai dogon hannu da ake ratayawa a kafaɗa, dattawa kuma su ce adda da lauje sun riƙe gidaje tun ba a san warin fetur ba.

Kowannensu yana da gaskiya ta wata fuska, domin ba aiki ɗaya suke magana a kai ba.

Ayyuka uku, suna ɗaya

Abin da muke kira yankan ciyawa a dunƙule, ayyuka uku ne.

Na farko askin ciyawar ado. Ita ce ciyawar da ake shukawa da gangan a farfajiyar gida, otal, makaranta ko filin wasa, ana ba ta ruwa, ana daidaita tsawonta har ta zama kamar darduma. Turawa suna ce wa irin wannan shimfiɗa "lon". Mai ita ba ya son a kashe ta, so yake a aske ta daidai wa daida, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a aski guda.

Na biyu sassabe: share fuloti, kango, bayan katanga, gefen kwalbati, inda ciyawa ta fito da kanta har ta kai gwiwa ko ƙirji. Nan babu maganar ado. Mai wuri yana tsoron maciji da sauro da ɓatagari ne, ko kuma yana son a san filin nan da mai shi.

Na uku shi ne wanda Bahaushe ya fi sani tun kaka da kakanni, wato yankan ciyawar dabbobi, a ɗaure dami a kai wa mai doki ko mai kiwon rago. A nan ciyawar ce kayan sayarwa.

Kayan aikin ma suna bukatar a fayyace sunayensu, don a kasuwa da sunan Turanci za a kira su. Injin turi shi ne mai ƙafafu huɗu da wuƙa mai juyawa a ƙarƙashinsa, wanda 'yan kasuwa ke cewa "lonmowa". Wani injiniya mai suna Edwin Budding ne ya fara ƙera injin askin ciyawa da ake turawa a Ingila a 1830, don shimfiɗaɗɗun filaye na wasa da na manyan gidaje. Injin rataye shi ne mai doguwar sanda, inji a baya, kai mai juyawa a gaba, ana ɗaukarsa da majanyi a kafaɗa. A shago "buroshkota" za ka ji an ce. Kansa iri biyu ne: ko wuƙar ƙarfe, galibi mai haƙora uku, ko zaren roba mai kauri wanda gudu ke sa shi yanka. Dabarar zaren ta fito ne daga wani Ba'amurke, George Ballas, a birnin Houston a farkon shekarun 1970. Sai langalanga, siririn ƙarfen nan mai lanƙwasa da duk wanda ya yi makarantar kwana ya san zafinsa a tafin hannu.

Sabo ba ta da ciyawa, maƙwabtanta ke da ita

An kafa Sabo a 1916 a matsayin unguwar Hausawa, kuma arzikinta ya ginu ne a kan fataucin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 bayan ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960. Yau an fi saninta da 'yan canji da masu tsire da kilishi. Unguwa ce cunkusasshiya, gida jikin gida, da wuya ka ga taku goma na ciyawar ado a cikinta. Don haka ɗan Sabo da ya shiga wannan sana'a, kasuwarsa tana wajen Sabo.

Sa'arsa ita ce wajen ba nisa. Jericho da Onireke da Iyaganku da Agodi duk GRA ne, wato unguwannin da aka keɓe wa manyan ma'aikatan gwamnati tun zamanin Turawa, masu faffaɗan fili kewaye da gida. Rukunin gidajen Bodija da aka kafa a 1959 shi ma haka tsarinsa yake. Filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, a tsohon filin sukuwa, yana gefen Sabo. Akwai filin golf a Onireke da na folo a Eleyele. Can gaba a hanyar Oyo ga Jami'ar Ibadan da aka buɗe a 1948, da cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a 1967, dukkansu masu shimfiɗaɗɗiyar ciyawa.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Manyan wuraren nan suna da ma'aikatansu da injinansu, ko kuma sun ba 'yan kwangila masu rajista. Ba su ne kasuwar mai aikin ƙarshen mako ba. A gidajen jama'a kuwa, ciyawar ado raguwa take yi, domin yawancin masu gini yanzu sukan daɓe tsakar gida da siminti ko da bulon daɓen da ake kira intalok, su bar ɗan zirin ciyawa a bakin katanga. Abin da ke ƙaruwa shi ne fulotan da aka saya aka kewaye ba a gina ba, da kangwaye, da harabar ƙananan makarantu da masallatai da coci-coci. Ma'ana, mafi yawan aikin da sabon shiga zai samu a Ibadan sassabe ne, askin ado kaɗan ne.

Abin da ƙasar ke cewa

Ibadan gari ne na tuddai da duwatsu. Wanda ya taɓa hawa tudun Mokola a ƙafa ba sai an gaya masa ba. Fulotin da aka bari shekara biyu ba ciyawa kaɗai ke cikinsa ba. Akwai ɓaraguzan bulo, guntun rodi a tsaye, fasassun kwalabe, tsohuwar waya, kututture, wani lokaci har rijiya ko ramin shadda da ba a rufe ba. A tura injin turi cikin irin wannan wuri, wuƙarsa ta doki rodi sau ɗaya, to ba wuƙar kaɗai ba, har sandar da ke juya ta cikin injin tana iya lanƙwashewa, kuma gyaran wannan kan kai kusan kuɗin wani injin.

Ciyawar ma ba irin ta Arewa ba ce a saurin girma. A Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar. A Ibadan takan kai wata bakwai zuwa takwas, daga Maris ko Afrilu har Oktoba, da ɗan sararin da akan samu a Agusta. A filayen da aka bari za ka tarar da tofa mai kaifi, da dogayen ciyayi masu kauri kamar kara, da wani ɗanyen itace mai yaɗo da Yarabawa ke kira "ewe Akintola", wanda in ya tsufa jikinsa kan yi tauri har zaren roba ya kasa shi, sai wuƙa. A gidajen da ake shuka ta ado kuwa an fi samun ƙiri-ƙiri da wata mai faɗin ganye da ke shimfiɗa kamar kafet. Waɗannan biyun ne kaɗai abincin injin turi.

Masu cewa a tsaya ga adda

Hujjarsu mai ƙarfi ce. Adda da lauje da langalanga da manjagara da magagari duka ba su kai kuɗin injin rataye mafi araha ba. Ba sa shan fetur, ba sa ƙin tashi, kowane maƙeri yana gyara su, kuma a ɗaure su a buhu a hau acaba. Sun ƙara da cewa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024, ga faɗuwar naira da ta ɗaga kuɗin duk wani abu da ake shigowa da shi.

Raunin wannan ra'ayi lokaci ne. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 da ya cika da tofa yana iya cinye wa mai adda yini cur, gobe kuma ya tashi da ciwon baya da kanta a hannu. Ga wanda wannan ce sana'arsa kaɗai, ba laifi. Ga mai gadin da zai koma bakin ƙofa da magariba ya kwana ido biyu, yini guda a sunkuye ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aikin jinga ne, ana biya a kan fuloti ba a kan awa ba, wanda ya gama da wuri shi ya ci riba.

Duk da haka, ko an sayi inji, adda ba ta fita daga buhu. Ita ke sare abin da ya fi ƙarfin wuƙa, ita ake lalube da ita kafin a tada inji.

Masu cewa injin rataye

A halin Ibadan, waɗannan su suka fi kusa da daidai. Injin rataye yana hawa gangare, yana shiga lungu tsakanin katanga da tankin ruwa, yana sassabe da wuƙa, a sauya masa kai ya yi askin ado da zare, ko da askin bai kai na injin turi santsi ba. Nauyinsa bai cika wuce kilo bakwai zuwa takwas ba. Ana iya ɗaure shi a babur, ko a zura shi cikin Keke Napep. Wannan batu na sufuri ba ƙarami ba ne: injin turi mai kilo 30 ba ya hawa acaba cikin sauƙi, kuma duk wanda ya san ƙananan tasi na Micra da suka cika titunan Ibadan ya san direba zai caji kuɗin shata kafin ya yarda ya buɗe but.

Cikin injinan rataye akwai rabuwa biyu da ya kamata mai saye ya fahimta tun kafin ya taka Ogunpa, kasuwar da aka fi sayar da janareto da injinan noma a garin.

Akwai mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareton nan da ke kowane shago. Mafi yawan waɗanda ake kawowa daga Sin irinsa ne, kuma za ka ga an rubuta 43cc ko 52cc a jikinsu, wato girman cikin injin. Suna da araha, suna da ƙarfi, kayan gyaransu sun wadata, kuma duk mai gyaran janareto zai iya kwance su. Akwai kuma mai bugu huɗu, irin Honda GX35, wanda fetur ke gefe guda, baƙin mai gefe guda. Ya fi tsada, amma ya fi tsimin mai, hayaƙinsa da ƙararsa kaɗan ne. Stihl da Husqvarna su ne manyan sunaye a fagen injin rataye, kuma saboda haka ne ma jabunsu ya yi yawa. Fenti ruwan lemo da tambari ba su ne shaida ba.

Gaurin mai shi ne ke kashe yawancin masu bugu biyu, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin na Sin suna son kashi 25 na fetur a kan kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 40 a kowace lita. Stihl da Husqvarna, in an yi amfani da man da suka tanada, 50 ne a kan 1, wato mililita 20 a lita. Abin da aka saba gani a bakin aiki shi ne mutum ya buɗe tanki, ya tsiyaya fetur, ya kwarara baƙin mai da ido, ya girgiza injin. In man ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kama, inji ya tafi ke nan. In ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, a yi ta jan igiya har gumi ya jiƙa riga a gaban mai gida. Maganin ƙaramin abu ne: gora ɗaya mai alamar lita, sirinji babba ɗaya na awon man, a gauraya a gorar kafin a zuba. Kuma a nemi man da aka rubuta 2T a jikinsa, kada a ɗebo na mota, balle wanda aka juye daga wani inji. Gaurin da ya wuce wata ɗaya a ajiye ya fara lalacewa, yana kuma daskarewa a kafireta.

Injin turi, na batir, da na feshi

Injin turi ba abin banza ba ne, lokacinsa ne bai zo ba. Ranar da mutum ya samu gidaje uku ko huɗu masu ciyawar ado a layi ɗaya, ko makaranta mai fili da ta yarda da biyan wata-wata, to ya dace, musamman in za a ba shi wurin ajiye shi a can. Sau da yawa ma irin waɗannan gidaje suna da nasu injin a sito, mai tura shi kawai suke nema.

Na batir ba shi da ƙara sosai, ba shi da hayaƙi, kuma masu gidajen da ke da tsofaffi ko jarirai suna son haka. Amma batir ɗaya ba ya kai awa guda a ciyawa mai kauri, na biyun kuma tsada gare shi, sannan cajinsa ya dogara da wutar da kowa ya san halinta. Mai waya kuwa, wanda ake jonawa a soket, ya ɗaure mutum ga tsawon wayarsa da janareton mai gida.

Sai injin feshi na goyo, mai cin lita 16. Wasu na ganin shi ne gajeriyar hanya: a fesa maganin kashe ciyawa, a karɓi kuɗi, a tafi. Masu fili da yawa ma su ke nema. Akwai abin dubawa biyu. Na ɗaya, maganin da ke ɗauke da sinadarin gilaifoset ba ya bambance ciyawar ado da ta banza, iska kaɗan ta kwashe shi zuwa furannin maƙwabci sai rigima. Na biyu ya fi muni: wani maganin feshin, farakwat, guba ce mai kisa ko da kaɗan aka haɗiya, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da janye shi daga kasuwa. Wanda bai koyi awo da kariyar jiki ba, ya bar feshi tukuna.

Sabo fil ko tokunbo?

Tokunbo ita ce kalmar Yarabanci ta kayan da aka yi amfani da su a ƙetare aka kawo, abin da a Arewa ake cewa ɗan Kwatano. Masu goyon bayansa suna cewa tsohon Honda na gaske ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, kuma haka ne. Matsalar ita ce sabon shiga ba shi da kunnen da zai gane injin da ya gaji. Mafita ita ce a tafi da makanike, a biya shi ladan rakiya. A taɓa injin a ji da sanyi kafin a tayar, domin wanda aka ɗumama kafin zuwanka yana ɓoye aibinsa. A kwance fulogi a duba. A bar shi ya yi aiki minti goma, a kashe, a sake tayarwa. Kafin a biya kuma, a tambayi shaguna biyu ko suna da kafiretarsa da igiyar tayarwa da kan zarensa. Injin da ba a samun kayansa a Ogunpa, komai kyansa, ajiya ce za a saya.

Lissafin mai aikin rabin lokaci

A ɗauka kuɗin injin ya yi daidai da ladan aiki 20. Mai fita Asabar da Lahadi, aiki biyu a mako, zai ce mako goma ya mayar da kuɗinsa. Amma fetur da baƙin mai da zare da kuɗin mota da ɗan gyara suna iya cinye rabin ladan, tun da tankin da ke cin lita ɗaya da ɗan ɗori bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba a aiki mai nauyi. Mako goma ya koma ashirin, wato wata biyar cikin damina mai wata bakwai ko takwas. Wanda ya saya a Afrilu zai fita kafin ruwa ya ɗauke. Wanda ya saya a Satumba da kuɗin bashi, rani zai same shi da bashin a wuya, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu aiki raguwa yake, sai ɗan gyaran shinge da sharar ganye da share gidaje gabanin bukukuwan Disamba. Shi ya sa almakashin shinge, mai ɗan kuɗi kaɗan, yake da muhimmanci.

Akwai jarin da ba a sayarwa a kasuwa. Babu mai buɗe wa baƙo ƙofar gidansa yana riƙe da adda sai da wanda ya tsaya masa. Tsohon tsarin Sabo na maigida da ke lamunce wa baƙonsa yana aiki a nan, haka ma Hausawa masu gadi da ke unguwannin nan, waɗanda su suka fi kowa sanin gidan da ciyawa ta dame shi. A rukunin gidaje masu ƙofa kuma, ƙungiyar masu gidaje ce ke ba da izinin shiga. 'Yar Yarabancin gaisuwa da ciniki tana rage tsawon wannan hanya.

Abin da ake mantawa a lissafi

Wuƙar da ke juyawa sau dubbai a minti tana harba tsakuwa kamar harsashi. Littattafan da ke zuwa da injinan suna cewa kada kowa ya matso ƙasa da mita 15. Gilashin mota ɗaya da ya fashe a Jericho ya isa ya cinye ribar wata guda, ido kuwa ba shi da kayan gyara. Garkuwar fuska ko tabarau mai kauri, dogon takalmin roba saboda maciji da kwalba, safar hannu, wando mai kauri da abin toshe kunne, duk cikin kuɗin injin ya kamata a sa su. Ƙarar mai bugu biyu ta zarce ma'aunin desibel 85 da likitoci ke cewa daga nan ji ke fara lalacewa in an daɗe. Murfin robar da ke bayan wuƙa, wanda wasu ke cirewa wai yana rage sauri, shi ne ke tare dutsen da zai dawo kan mai aikin.

Abin da zai biyo baya

Yawaitar injinan rataye za ta matse masu adda zalla, waɗanda akasarinsu 'yan ci-rani ne, domin mai fili zai fi son wanda zai gama kafin azahar. Za ta kuma iya karya farashi in sababbin shiga suka riƙa yin ciniki ba su sa kuɗin mai da lalacewar inji ba. A ɗaya gefen, ɗan Sabo yana da wata dama da abokin gasarsa ba lallai ya gani ba: ciyawar da mai gida ke biya a kwashe, mai kiwon rago yana biya a kawo masa, musamman gabanin Babbar Sallah. Sharaɗin shi ne a yanke ta da lauje ko wuƙa, don wadda zare ya daddatse takan haɗu da guntayen roba da ƙasa. Wadda aka taɓa yi wa feshi kuwa, haramun ce ga dabbar mutane, kuma wajibi ne a tambayi mai fili kafin a ɗaure dami.

Hukuncin dai shi ne: a fara da adda, lauje, manjagara, magagari, almakashin shinge da kayan kariya. In aka samu wurare biyar da ke kira a kai a kai, a sayi injin rataye wanda ake samun kayansa a Ogunpa, a farkon damina, da kuɗin hannu ko na adashe. Injin turi ya jira sai an ƙulla yarjejeniyar wata-wata da mai shimfiɗaɗɗen fili.